Ƙahon Shekara ta Bakwai a Dargaza

Wanda ya bi ta gindin dutsen Dargaza yau ba zai ga komai ba sai kufai, da guntun ganuwa da awaki ke hawa, da wata rijiya da ƙasa ta cike. Allah sarki. Nan fa birni ne a da, birnin da fatake ke ba da labarinsa a zango, ba don yawan dukiya ba, sai don wata al'ada tasu da ba a san irinta ba a duk ƙasashen kewaye. Mutanen Dargaza ba su da sarki. Kakanninsu sun zo daga gabas da wani Littafi naɗe cikin fatar rago, a cikinsa suka karanta cewa ƙasa ta Ubangiji ce, mutane kuma baƙi ne a kanta, don haka suka ce ba za su kira ɗan Adam sarki ba. Wanda ke yanke shari'a da jan runduna Mai Riƙo ake ce masa, wato riƙo yake yi wa Mai abu. A zauren shawara akwai gadon mulki na itacen maɗaci, amma ba mai hawansa. Mai Riƙo a kan buzu yake zama a ƙasa, gefen ƙafar gadon, in kuma za a gaishe shi sai a ce Allah ya riƙa maka.

Babbar al'adarsu ita ce ta shekara ta bakwai. Littafin ya umarce su, duk shekara ta bakwai ƙasa ta huta, kada garma ta taɓa ta, kuma duk bawan da ke cikin birni a sake shi ya koma ga danginsa. Da an gama sussukar shekara ta shida, sai wani dattijo da ake kira Mai Ƙaho ya hau kan dutse da hantsi ya busa ƙahon rago. Ba ya tambayar kowa, ba ya jiran kowa, ranar da lissafin wata ya cika ranar yake busawa. Tsofaffinmu in suna ba da labarin wannan rana har muryarsu rawa take yi. Wai iyayen gida da kansu ke auna wa bayi hatsin guzuri, wani ya ƙara da akuya, mata na share hawaye suna cusa musu daddawa da barkono, a raka su har ƙofar gari ana yafe wa juna. Kuma ba a taɓa jin yunwa ta kama Dargaza a shekarar hutu ba, don damunar shekara ta shida kullum takan zo da albarkar da ke isar su har sabon girbi.

A zamanin da nake ba ku labari, Nomau ɗan Shekarau ne Mai Riƙo. Kada wani ya ce mini mugu ne, ban yarda ba. Mutum ne mai sanyin hali, wanda in ya yanke wa talaka hukunci mai nauyi ranar ba ya iya cin abinci. Mai Ƙaho kuwa Baba Zakka ne, tsohon da ya koya wa Nomau karatun Littafin tun yana ƙarami, yana kuma son sa kamar ɗan cikinsa. Sai Madawaki Dango, shugaban mayaƙa, jarumi ne na gaske, amma irin mutanen nan ne da in sun dubi mutum ba sa ganin komai sai amfanin da zai yi musu.

A gidan Madawaki akwai wani bawa da ya raɗa wa suna Nagode. An kamo shi ne daga Rafin Gora, wani ƙauye a ƙasar Zamgaru, a wani hari da aka kai tun farkon shekarun nan bakwai. Maharbi ne, hannunsa bai san kuskure ba, shi ya sa aka ɗora shi kan 'yan bakan da ke tsaron ganuwa. Ranar da aka kama shi ya bar matarsa Kyauta da tsohon ciki, bai san ko namiji ta haifa ko mace ba, bai ma san ko suna raye ba. Bai taɓa yunƙurin gudu ba. Abokansa in sun zuga shi sai ya ce me zai kai shi gudu kamar ɓarawo, alhali Allahn mutanen nan ya yi masa alkawarin zai fita ta ƙofa da rana tsaka. Duk kaka yakan tsaya kan ganuwa ya dubi hanyar gabas, ya ce saura shekara kaza a busa ƙaho.

To shekara ta shida ta zo da albarkar da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Rumbuna suka cika har aka riƙa gina sababbi a kan hanya. Wannan labari ne ya kai kunnen Babari, Sarkin Zamgaru, wanda fari ya cinye ƙasarsa a shekarar. Ana sauran 'yan kwanaki a busa ƙaho sai ga manzonsa a ƙofar gari, da rawani kamar tulu, da zage-zagi a gaba da baya. Aka shigar da shi zauren shawara. Ya dubi gadon, ya dubi mutumin da ke zaune kan buzu, ya yi murmushin raini.

Ya ce, "Ubangijina Babari, Sarkin Zamgaru, mai gabas da arewa, wanda sarakuna ke cire takalmi tun daga ƙofar garinsa, ya aiko ni wurin sarkinku. Ga gado na gani, ban ga sarki ba. Wa zan faɗa wa saƙon, itacen ko wanda ke zaune a ƙasa kamar baƙo?"

Nomau bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Faɗi saƙonka, Mai gadon yana ji."

Saƙon gajere ne. A ba Babari rabin abin da ke cikin rumbuna, a buɗe masa ƙofar gabas ya ajiye hakiminsa, in ba haka ba kafin wata ya mutu zai zo ya ɗauka da kansa. Aka sallami manzo da amsar da kowa ya san za a bayar. Da safiyar ranar kuma ƙudan zuman da ke cikin tsohuwar tsamiyar ƙofar zaure suka tashi gaba ɗaya suka bar ta. Gari ya ɗauki magana, kowa na fassara abin yadda ya dace da bakinsa.

Aka tara majalisa. Madawaki Dango ne ya fara miƙewa, ya durƙusa, ya ce, "Allah ya riƙa maka, Mai Riƙo. Rabin 'yan bakan da ke kan ganuwa bayi ne, mafi yawansu kuma 'yan ƙasar Zamgaru. Sun san inda ganuwa ta tsage, sun san ƙofar da ƙyaurenta ya ruɓe. In aka busa ƙaho a kan lokaci, da hannunmu za mu auna musu hatsi, mu raka su, su je su nuna wa Babari hanya. Ban ce a soke umarnin Ubangiji ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi a dakata har yaƙi ya wuce. Ai Littafin da kansa ya nuna Ubangiji ne ya damƙa wa mai mulki takobi don ya tsare jama'a. Wanda ya bar birni ya faɗi, shi ma ya ci amanar Ubangiji."

Magana ce mai nauyi, ba na musu, kuma manyan gari suka yi ta gyaɗa kai. Sai dai babu wanda ya tuna masa cewa gidansa ya fi kowane gida yawan bayi a Dargaza. Su ma masu gyaɗa kan ai kowa na da nasa a gida, kowa na lissafin wanda zai ɗebo masa ruwa baɗi.

Baba Zakka bai miƙe ba, ƙafafunsa ba su da wannan ƙarfin. Daga inda yake zaune ya tuna musu labarin wasu mutanen farko da ke cikin Littafin, waɗanda Ubangiji ya shugabanta da kansa, amma tsoron abokan gaba ya sa suka ce a naɗa musu sarki kamar sauran al'ummai. Aka gargaɗe su cewa sarkin zai kwashi 'ya'yansu maza su yi masa yaƙi, 'ya'yansu mata su yi masa girki, ya ɗauki gonakinsu masu kyau ya raba wa fadawansa, suka ce sun ji sun yarda. Ya ce su ma ba ƙin Allah suka ce suna yi ba, tsoro ne kawai ya kama su, kamar yadda ya kama wannan zaure yau.

Sannan ya juya ga Dango, ya ce, "Takobin aro ne, Madawaki, kuma wanda ya ara maka shi ya faɗi inda za ka sara da inda ba za ka sara ba. Ya cika rumbunanku tun ba ku roƙa ba, nasa alkawarin ya riga ya cika. Yau in Mai Riƙo ya iya cewa ƙaho ya jira, to gobe ba riƙo yake yi ba, abin ya zama nasa."

Aka yi ta ja har rana ta karkata. Wasu suka ce a saki bayin amma a tsare su cikin gari, aka ce wannan wane irin saki ne. Wasu suka ce a saki tsofaffi da mata a bar 'yan baka. Nomau yana zaune ya sunkuyar da kai, yana jin kowa. Daga ƙarshe ya sallami majalisa, ya bar Baba Zakka kaɗai, ya tashi daga kan buzunsa ya je ya durƙusa gaban tsohon kamar zamanin da yake ɗaukar karatu.

Ya ce, "Baba, ban isa in hana ka ba, ba ni da wannan ikon, kai ka koya mini haka. Roƙonka nake yi. In birnin nan ya faɗi a hannuna, matan da yaran da za a ja da igiya zuwa Zamgaru babu wanda zai busa musu ƙaho a can. Ka ba ni kwanakin yaƙin nan kawai."

Da Dango ne ya yi wannan magana da Baba Zakka ya tofar da ita. Amma Nomau ne, da hawaye a idonsa. Tsohon ya ɗora hannu a kan Nomau ya ce zai jira. Wayyo, da ya sani. Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta yi nauyi, don ƙauna ce ta sa shi, ba tsoro ba, ba kuma kwaɗayi ba.

Nomau ya sa aka kira Nagode. Ya gaya masa abin da aka yanke, bai ɓoye masa komai ba. Nagode ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya riƙa maka, waɗanda za su zo ɗin nan 'yan'uwana ne." Nomau ya ce ya sani. Ya kama ƙafar gadon da hannun dama, ya rantse cewa ranar da rundunar Babari ta juya baya, washegari za a busa ƙaho, kuma shi da kansa zai raka Nagode har ƙofa. Nagode ya koma ya gaya wa 'yan baka. Wasu suka yi gunaguni, ya ce musu mutumin da ya kama gadon Allahnsa ya rantse ba zai yi ƙarya ba.

Ranar da lissafi ya cika ta zo. Hantsi ya yi, mutane suka fito ƙofar gidajensu bisa sabo, suka ɗaga kai suna duban dutse. Shiru. Tun da aka kafa Dargaza ba a taɓa yin wannan shirun ba. Tsofaffi suka koma ɗaka jikinsu a sanyaye. Matasa kuwa suka ce ashe dai ƙahon yana iya jira, suka koma wasa takubbansu.

Rundunar Zamgaru ta iso kamar fara. Suka yi sansani gabas da birni, suka cike gwalalon da aka haƙa kewaye da ganuwa da itace da ƙasa, suka sassaƙa tsani. Kwana da kwanaki ana artabu. Dango ya fita da 'yan lifidi ya fasa musu gefe ɗaya, ya dawo da sara a kafaɗa, wannan kam ba wanda zai hana shi yabonsa. Amma ƙarfin yaƙin a kan ganuwa yake. Bayin nan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna zuba kibau, da rana ta yi zafi mata su hau musu da ruwa da fura, ba mai tambayar wane ne ɗa wane ne bawa.

A ranar ƙarshe Babari ya tura Kauransa, babban jarumin Zamgaru, da dakaru masu tsani zuwa ƙofar gabas, daidai inda ƙyauren ya ruɓe. Suna tahowa suna waƙar yaƙi. Nagode na kan ganuwa ya ji waƙar, sai ya gane waƙar Rafin Gora ce, wadda samarin ƙauyensu ke yi in za a fita farauta. Waɗanda ke kusa da shi sun ce ya sauke bakansa, ya rufe ido, har suka zaci ya fasa. Ƙyaure ya fara tsagewa. Sai ya ɗaga bakan, ya bar masu waƙar, ya nemi Kaura can tsakiyarsu, ya saki kibiya ɗaya. Ta shiga tsakanin kwalkwali da sulke. Kaura ya faɗo daga kan doki, dakarunsa suka watsar da tsani, Dango ya buɗe ƙofa ya bi su. Kafin la'asar Babari ya bar laimarsa da tamburansa ya yi ta kansa.

Kai, Dargaza ba ta taɓa ganin murna irin ta ranar ba. Aka ɗauko Nomau a kafaɗa daga ƙofar gabas har zaure. Maroƙan Zamgaru da aka kamo, don neman tsira da rai, suka fara yi masa kirarin da suka saba yi wa Babari, suna ce masa sarki ɗan sarki, mai ƙasa da abin da ke cikinta. Da can wanda ya faɗi haka a Dargaza sai an rufe masa baki. Ranar kuwa jama'a suka karɓa, mata na guɗa. Nomau ya ɗaga hannu kamar zai hana, sai kuma ya bari.

Washegari Baba Zakka ya zo zaure da ƙahonsa a rataye. Ya tarar Dango ya riga shi. Madawaki yana bayani cewa ganuwa ta rushe a wurare da dama, wa zai gyara? Babari bai mutu ba, zai dawo baɗi. Ga sababbin kamammu ɗaruruwa, in aka busa ƙaho su ma sai a sake su, jinin da aka zubar ya tafi a banza. Ya ce a bari sai an gama gyaran ganuwa. Wannan karon babu wanda ya kawo maganar Littafi, ko don kunya.

Nomau bai dubi Baba Zakka ba. Ya sa aka kira Nagode, aka sa masa riga mai aiki, aka naɗa masa rawani, aka ja masa doki daga cikin na Babari. Ya ce daga yau shi ne Sarkin Baka, yana da gida da barori, ba mai aikensa sai fada. Jama'a suka yi ta sa albarka. Nagode ya durƙusa cikin rigar da ta yi masa yawa, ya yi godiya, sannan ya ce shi hanyar Rafin Gora kawai yake roƙo.

Dango ya yi dariya ya ce ina zai je, mutumin da ya kashe Kauran Zamgaru, ai yankan rago za su yi masa. Nagode ya ce ya sani, amma in zai ga abin da Kyauta ta haifa masa sau ɗaya kafin su yanka shi, ya yarda.

Nomau ya ce, "Nagode, ban manta rantsuwata ba. Amma birni ba zai iya rabuwa da hannu irin naka yanzu ba. Ka ƙara haƙuri, in lokaci ya yi ni zan faɗa."

Baba Zakka bai jira ya ji sauran ba. Ya dogara sandarsa ya fita. Tsohon da ko miƙewa ba ya iya yi a majalisa ya hau dutsen nan shi kaɗai, yana rarrafe, yana hutawa, har ya kai ƙololuwa. Ya sa ƙahon a baki ya busa, ya sake busawa. Ƙarar ta cika birni, ta wuce ganuwa, har makiyaya a daji suka ji.

Bayi suka fito da gudu, kowa da ɗan ƙunshin da ya daɗe da ɗaurewa. Nagode ya cire rawanin da rigar ya ninke su ya ajiye a ƙofar zaure, ya shiga cikinsu, suka nufi ƙofar gabas. Iyayen gida ma suka fito. Amma ba wanda ya nufi rumbu, ba wanda ya ɗauko mudu. Duk suka tsaya suna kallon ƙofar fada, suna jiran su ji abin da Nomau zai ce. Masu tsaron ƙofa suka riƙe sakata, su ma idonsu na kan fada. Daga fada kuwa ba a ce a buɗe ba, ba a ce kada a buɗe ba.

Suka tsaya a bakin ƙofar har rana ta yi tsaka, har inuwa ta juya. Sai aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma gidan da ya fito. Nagode ne na ƙarshe. Ya daɗe da tafin hannunsa a jikin ƙyauren da ya hana a fasa jiya, sannan ya sauke ƙunshinsa daga ka.

Shi ne kakan kakana, ta wajen matar da ya aura daga baya a birnin. A Dargaza ya tsufa, a Dargaza aka binne shi da rawanin Sarkin Baka, kuma har ya mutu bai san ko namiji Kyauta ta haifa ko mace ba.